Na kasa daina cin biskit da shan lemon kwalba: jaraba ce ko raunin zuciyata?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau damuwa ce ta sa na yi magana. Shekarata 38, ɗinki nake yi, kuma sai yara sun kwanta nake samun zama a kan keke. To ba na iya zaman nan sai da ledar biskit a gefe da lemon kwalba mai sanyi. Nakan buɗe da niyyar cin uku ko huɗu, ban ankara ba sai in ji yatsuna sun taɓa ƙasan leda. Kuma ba yunwa ba ce, na ci abincin dare na ƙoshi.

Watan jiya aka gwada jinina, likita ya ce sugana ya hau, bai kai ciwon suga ba amma yana bakin ƙofa. Wannan ciwon ne ya cinye wa mahaifiyata ido ɗaya, ni na yi jinyarta, na san abin da ake gudu. Na ɗaura niyyar dainawa, na yi kwana tara. Daren na goma na tsinci kaina ina cin biskit ɗin da na ajiye wa yara na makaranta, ina ci ina hawaye. Ga ɗana mai shekara shida ya fara ture abincin tukunya yana neman na leda.

Don Allah masu ilimin abin nan, da gaske abinci yana kama mutum kamar taba, ko ni ce ba ni da ƙarfin zuciya?

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, share hawayenki, ki daina ɗora wa kanki laifin duka. Irin wannan abincin masana sun ware masa aji na kansa. Wani likita ɗan ƙasar Barazil, Carlos Monteiro, shi ya fito da batun a 2009, kuma tsarin da shi da abokan aikinsa suka yi, NOVA, ya kasa abinci gida huɗu. Gida na huɗu shi ne wanda masana'anta ta narke ta sake ginawa: an cire wa hatsi dusarsa, an zuba suga da mai da gishiri, an ƙara kala da ƙamshi da sinadaran hana lalacewa. Ki juya bayan ledar ki karanta. In kin ga sunayen da babu su a kicin ɗin kowa, to shi ne.

Gwajin da ya fi tsaya min a rai shi ne na wani mai bincike, Kevin Hall, a Amurka a 2019. An kwantar da mutum 20 na wata guda, mako biyu suna cin abincin masana'anta, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa sosai ba, kowa ya ci iya son ransa. An daidaita yawan suga da mai da ake gabatar musu a ɓangarorin biyu. Duk da haka, a makonnin abincin masana'anta a matsakaici sun riƙa cin ƙarin kusan kalori 500 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan haka. Mutanen dai su ne, zuciyarsu ba ta canza ba, abin da ke faranti ne ya canza. An kuma lura sun fi saurin haɗiye shi, don yana da laushi, ba ya buƙatar tauna, kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi an riga an wuce gona da iri.

Lemon nan kuwa shi zan fi so ki fara yankewa. Gwangwani ɗaya na kola mai mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi.

Abu Hanif:

Anti, ban ƙi maganarki ba, amma kalmar jaraba ta yi min nauyi. Har yau likitocin ƙwaƙwalwa ba su shigar da jarabar abinci cikin jerin cututtukan da suka amince da su ba. Kuma babban nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2024, wanda ya danganta abincin nan da matsalolin lafiya 32 har da ciwon zuciya da ciwon suga da damuwa, alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa abincin kaɗai ne sanadi ba. Tsorona kada mutum ya ji an ce jaraba ce ya miƙa wuya.

Ma'aikaciyar Jinya:

Gaskiyarka ɗan'uwa, ba a shigar ba, kuma masana na ta ja-in-ja a kai. Amma akwai ma'aunin da aka ƙirƙiro a jami'ar Yale a 2009, wanda ya ari tambayoyin da ake yi wa masu shaye-shaye: kana cin fiye da niyyarka? Ka yi ƙoƙarin dainawa ka kasa? Kana ci gaba bayan ka san yana cutar da kai? Wani nazari na 2023 ya tattara bincike daga ƙasashe 36, ya samu kusan kashi 14 cikin ɗari na manya da kashi 12 na yara sun cika sharuɗɗan. Ka sake karanta saƙon Maman Biyu, ukun nan duk ta faɗe su da bakinta. Ni a wurin aiki na ga wanda ya fahimci tarko ne ya fi saurin fita fiye da wanda yake zagin kansa kullum.

Tsohon Direba:

'Yata, ni ba ɗan boko ba ne, amma shekara 22 na yi ina shan taba kafin Allah Ya raba ni da ita, kuma da na karanta saƙonki kaina na gani. Ban yi mamaki ba ranar da na ji cewa kamfanin taba na Philip Morris ya sayi kamfanin abinci na Kraft a 1988, R.J. Reynolds kuma ya haɗe da masu yin biskit na Nabisco a 1985.

Abin da ya cece ni: na daina kokawa da kwalin yana aljihuna. Da dare mutum ya gaji, ba ya cin nasara a kan abin da hannunsa ke iya kaiwa. Kada ki ajiye biskit a gidan ko kaɗan, har na yaran. Hannunki ya saba da kai wani abu baki lokacin ɗinki, to ki ba shi abin da sai an ɓare an tauna, ga ruwan sanyi a inda kwalbar take zama. Ni sau huɗu na koma kafin na bari gaba ɗaya, kwana taran nan naki ba asara ba ne.

Maman Biyu:

Na gode Baba, na gode Anti, Allah Ya saka da alheri. Yanzu na juya bayan ledar na ƙirga abubuwa 17, biyar kawai na gane. Na kwashe sauran na fitar daga gidan. Gobe zan dafa wa yaran ƙwai su tafi da shi makaranta, na san ƙaramin zai yi kuka. Likita ya ce in koma gwaji bayan wata uku, in Allah Ya kai mu zan zo in faɗa muku abin da ya nuna.