Rashin Tausayi: Shin Yaro Mai Otizim Da Kangararren Yaro Matsalarsu Ɗaya Ce?

Malamin firamare: Assalamu alaikum. A ganina, yaro mai lalurar otizim (wadda ke shafar yadda mutum yake mu'amala da sadarwa da mutane) da kangararren yaro, wanda likitoci ke cewa yana da lalurar ɗabi'a, abu ɗaya ne ke damunsu, wato rashin tausayi. Idan wani ya faɗi a filin wasa ya kurje gwiwa yana kuka, sauran yara kan taru suna yi masa sannu, amma mai otizim ɗin sai ya ci gaba da jera murafen kwalba, kangararren kuma ya tsaya yana dariya. Ban ga dalilin raba su ba.

Mahaifiya: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ɗana yana da otizim, kuma ina iya zama a gabansa fuskata a murtuke bai lura ba, amma da zarar na buɗe baki na ce masa raina a ɓace yake, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauko motar wasansa wadda ba ya barin kowa ya taɓa, ya ajiye mini a cinya.

Jami'ar lafiyar ƙwaƙwalwa: Abin da Hajiya ta faɗa ya dace da binciken masana, domin sun raba tausayi gida biyu: gane halin da mutum yake ciki, da kuma jin zafin halin a zuciya. A shekarar 1985, Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith sun gwada yara a Landan da 'yartsana biyu, inda ɗaya ta ajiye ɗan dutsen wasa a kwando ta fita, ɗayar kuma ta mayar da shi cikin akwati. Da aka tambayi yaran inda ta farkon za ta duba idan ta dawo, 16 daga cikin 20 masu otizim sun nuna akwatin, saboda ba su yi la'akari da cewa ita ba ta ga abin da suka gani ba. Wannan matsalar ganewa ce. A 2010 kuma, Alice Jones da Francesca Happé da Essi Viding da abokan aikinsu sun kwatanta samari masu otizim da masu ƙeƙasasshiyar zuciya, suka tarar da cewa masu otizim suna shan wahalar karantar tunanin wani amma suna damuwa da wanda aka cuta, su kuwa ɗaya rukunin suna karantar tunanin daidai, sai dai abin ba ya taɓa su.

Malamin firamare: Na ji, Malama, amma yaron da ke kuka a ƙasa ba ruwansa da wannan rabe-raben, tun da babu wanda ya ɗaga shi a cikinsu.

Jami'in walwalar jama'a: Malam, bambancin yana da amfani gare ka, domin shi ne zai nuna maka matakin ɗauka. Sannan ina so a gyara wani abu: ba kowane kangararren yaro ne marar tausayi ba. Da yawansu masu saurin fushi ne da suka tashi cikin duka da tsangwama, kuma sukan yi nadama bayan sun huce. Shi ya sa littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya ware wani ƙaramin rukuni na masu ƙarancin nadama da tausayi. Su waɗannan hukunci ba ya cika yi musu tasiri, sun fi sauyawa da yabo da lada da kuma nuna musu ƙauna a gida.

Ɗalibin jami'a mai otizim: Iyayena, ku ba ni dama. Malam ya ce yaron bai karanci mai kuka ba, to shi Malam ya karanci yaron? Ƙarar kuka tana iya gigita irinmu, kuma jera murafen nan wata hanya ce ta kwantar da hankali. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi ma yana da otizim, ya bayyana a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangarorin biyu yake. A 2020 Catherine Crompton ta jami'ar Edinbura ta sa mutane suna isar wa juna labari bi da bi, sai aka ga labarin ya fi zubewa a jerin da aka gauraya masu otizim da marasa shi.

Jami'ar lafiyar ƙwaƙwalwa: Maganarka tana da nauyi, ɗana, sai dai binciken Crompton a kan manya 72 aka yi shi, don haka ba za a ɗora shi kai tsaye a kan ɗan firamare ba. Kuma yaro ɗaya yana iya haɗa laluran biyu. Malam, idan abin ya sake faruwa, ka ce wa mai jera murafen a fili, "Wane ya ji ciwo, kawo masa ruwa," sannan ka lura da abin da zai yi. Shi kuwa mai dariyar, ya kamata a zauna da iyayensa a ji yadda yake a gida kafin a kai shi wurin likita.