Ƙarar “kwam” a bayan kat-kat: abin da 'yan uwa suka ce

An yi tambaya kan abin da ke kawo wannan ƙarar a bayan mota, ga amsoshin da aka bayar a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda, in ka sa bitas ko ka taka wuta ka ji “kwam” a baya, robobin da ke riƙe pon (akwatin ƙarfen da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya) ne suka mutu, zafin Tahoua da ramukan hanyar Abalak ke cinye su. RAV4 da CR-V aka fi ambata, Prado kam ponta doguwa ce, gininta daban.

2. A duba yoyon mai, yana ruɓar da roba.

3. Motocin Turai da suka shigo ta Kwatano, a leƙa ƙarfen da pon ke zaune kansa, gishirin titunansu na sa tsatsa.

Inda aka rabu kan walda ne in ƙarfen ya yi tsatsa, wasu sun ce ta isa, wasu sun ce a canza ƙarfen gaba ɗaya. Ni dai canzawa na fi so, iyali muke ɗauka.