Audu Bako: ƙoƙarinsa ne, ko kuɗin mai ne suka yi masa suna?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Kura, shinkafa da damina, tumatir da rani. Kakana, Allah ya ji ƙansa, duk ranar da aka sako ruwa a kanal sai ya tsuguna a bakin gona, ya ɗebo da tafin hannu, ya ce Allah ya gafarta wa Audu Bako. Ni ban riski zamaninsa ba. Na dai san ɗan sanda ne, Gowon ya naɗa shi gwamnan Kano a 1967, ya yi shekara 8. Jiya wani abokina ya ce min ai ko wa aka ba kuɗin man lokacin zai yi haka. Maganar ta tsaya min a rai. Iyayenmu da kuka gani da ido, yaya abin yake?

Malamin Gwale:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka ya yi gaggawa. Kuɗin mai sai ƙarshen 1973 suka ɓarke, alhali tun 1971 aka soma madatsar ruwa ta Tiga, ta Bagauda ma ta riga ta. Ina makarantar firamare aka yi farin 1973, na ga gawar shanu a gefen hanya, na ga gero ya gagari magidanta. Shi kuwa tun kafin nan hankalinsa yana kan ruwa. Ga sakatariya, ga gidan zu. Kuma fa a Kaduna aka haife shi.

Bahaɗejiya:
Baba, a yi min afuwa, mu na ƙasan kogi namu labarin daban. Jihar Kano muke a lokacin, sai 1991 aka ba mu Jigawa. Mahaifina masunci ne. Tun da aka tare ruwa a sama, ambaliyar da ke cika fadamunmu ta ragu, daga baya ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwan. Da idona na ga komarsa rataye a zaure har ta ruɓe.

Abban Fagge:
Kada a manta binciken kadarorin da Murtala ya sa aka yi bayan juyin mulkin 1975. Cikin gwamnoni 12, Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi kaɗai aka wanke, ban da Audu Bako.

Ɗan Kura:
Na gode, Baba. Yaya, wallahi ban taɓa tunanin ruwan da nake ban tumatir da shi yana da masu shi a Haɗeja ba. Yanzu da me Baban naku yake riƙe gida?