Masu rage nama a cefane, ya kuka yi da tukunya?

Maman Ummi, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema wurin waɗanda suka riga mu gwadawa. Mu tara ne a gida har da ƙanwar maigida da ke karatu nan wurinmu, jiya da dare Abban Ummi ya ɗauko biro muka yi lissafin cefane sai muka ga kuɗin nama kaɗai ya kusa kamo na kayan miya da mai a haɗe, kuma naman ma ba wani na a zo a gani ba, na dubu biyu yanzu in aka ƙulla maka sai ka ɗaga ledar ka duba ko hujewa ta yi a hanya. Shi ya ce mu koma sau biyu a sati, Juma'a da wata rana guda. Ni ban ƙi ba amma yara nike ji, ƙaramin in bai ga tsoka ba ture kwanon yake. Wanda ya gwada ya gaya mani gaskiya, ana ganin sauƙin kuwa ko kuɗin ta wani wurin suke zurarewa?

Goggo, Daura:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Mu da muka taso nama sai ranar kasuwa ko suna ko sallah, kuma ba mu mutu ba, ga mu har da jikoki. Ku 'yan yanzu kun maida nama shi ne miya shi ya sa in babu shi sai ku rasa ta inda za ku fara. Ki nemi daddawar kalwa mai kyau wadda ta kwana biyu, ki daka ta da citta da masoro da kanumfari da barkono, ki samu busasshen kifi ko guda ɗaya ne ki gyara shi ki dake shi a ciki ya zama gari. Wannan dakan ki zuba a kwalba. Duk miyar da za ki yi, kuka ce ko kuɓewa busassa ko karkashi, ki sa cokali guda ki bari ruwan ya tafasa sosai har warin daddawar ya fita kafin ki kaɗa, wake ɗan kaɗan da aka surfa ki sa tun farko ya narke a ciki. In kika ɗiga man shanu a kan tuwon nan ba mai tambayarki ina nama. Gaggawa ce ke ɓata maku miya ba rashin nama ba.

Mahauci, bakin abbatuwa:
Hajiya ku yi mana adalci, wallahi ba mu ke ƙara kuɗi don son rai ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce dubu, kuɗin motar ɗauko shanu daga kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi ya tashi. A watan Agusta na shekarar aka rufe boda da Nijar bayan juyin mulki, sai Maris 2024 aka buɗe, kuma ko da aka buɗe Buzu da Bafillacen da ya koro shanunshi daga can da sefa yake lissafi, naira kuwa kun ga yadda ta koma. Ga ɓarayin daji sun kwashe na Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, manomin da ke turke sa biyu a bayan gida yanzu tsoro yake ji. Ga kuma masu tirela da ke lodi zuwa Legas, su ko nawa aka ce saye suke, mu sai abin da suka bari. To shawarata, in ɗanɗano kike so ba tsoka ba, ki ce a ba ki ƙashi mai ɓargo ko naman kai, kuɗinshi bai kai na tsoka ba kuma romonshi ya fi. Sannan ku yi watanda, mutum goma ko sha biyu ku haɗa kuɗi a sayi sa a yanka a kasa, ya fi sayen ɗai-ɗai nesa ba kusa ba, sai dai wanda bai da firji ya soya nashi ranar don wutar nan ba abin dogaro ba ce.

Ummu Sadik, Sabuwar Unguwa:
Ni awara ce ta rufa mani asiri. Tiya guda ta waken suya nike jiƙawa da asuba, zuwa hantsi a kai markaɗe, in tace da ƙyalle in ɗora, in ya tafaso in zuba ruwan tsami na kamu da ya kwana, sai ki ga ta dunƙule ta taso sama, in kwashe a buhu in ɗora dutse ruwan ya tsane. Amma ki kula, inda mutane ke faɗawa shi ne wurin suya, awara shan mai gare ta, in kullum sai kin cika kasko to kuɗin naman kin miƙa ma mai mangyaɗa ne kawai. Ni yanka ta nike ƙanana in ɗan gasa a kasko da mai cokali biyu har ta yi ja sai in jefa cikin miyar tumatir ta tsotsi romo. Rannan surukata ta ci da shinkafa ta ce kazar ta yi laushi, na yi shiru abina. Dusar kuma kaji nike ba, su kuma suna ba mu ƙwai.

Uwargida ran gida:
Hmm ku dai bari. Mu ma an kafa mana wannan doka wata uku ke nan, wai tattali, na ce to. Amma kullum in mutumin ya dawo daga majalisa ƙarfe goma sha ɗaya sai in ji ƙamshin ƙuli da albasa na tashi a rigarshi, har yaji nike gani a gemu, in na yi magana ya ce abokai ne suka saya. Kullum abokai? To in za a rage a rage gaba ɗaya, ba yara su ci gaya shi ya ci tsire da balangu a bakin titi ba, na ɗari biyar ɗin da yake ci shi kaɗai in ya kawo gida na san yadda zan yi ya zagaya kowa.

Malamin firamare, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya kin tona mana asiri amma gaskiya kika faɗa, ni ma ina ganin haka a majalisarmu. Maman Ummi tambayarki ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, ƙwarai kuɗin suna zurarewa. Watan farko da muka rage ba mu ga komai ba, don duk ranar da ba nama sai a ce yara sun ƙi tuwo, a sayo taliyar leda da ƙwai ko kifin kwali, shi kuma kifin nan daga waje ake shigo da shi, dala yake bi. Sai da muka koma ma wake sannan albashi ya fara kai ƙarshen wata. Da kaka, wajen Nuwamba, na sayi wake a ƙauye lokacin da ya fi araha, na shanya shi ya bushe ƙarau na zuba cikin buhun nan mai leda biyu a ciki na ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga ƙwarin sai su mutu da kansu, ba sai ka sa maganin ƙwari a abin da iyalinka za su ci ba. Jarka mai murfi ma tana yi in an cika ta taf. Yanzu garau-garau, ɗanwake, alale, faten wake da zogale, haka muke juyawa. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 tun 2024, to ka raba shi kwana talatin ka ga nawa zai kai teburin mahauci.

Ma'aikaciyar lafiya, Daura:
Sannunku. Ragewa ba laifi ba ne amma don Allah a duba wa ake rage mawa. A gidaje da yawa tsokar kirki kwanon maigida take tafiya, yaro ɗan shekara biyu a ba shi romo, mai ciki ta haƙura, alhali su biyun nan sun fi kowa buƙata. Muna ganin yara masu tamowa a asibiti kullum a jihar nan ta Katsina, kuma ba duka ne daga gidan da babu komai ba, wani kunu zalla ake ɗura mashi. Wake ko waken suya ko gyaɗa in sun haɗu da hatsi suna gina jiki sosai, amma akwai sinadarin B12 da sai a abin da ya fito daga dabba, wato ƙwai, nono, kifi, nama. Don haka hura da nono ba ƙaramin abu ba ne, ƙwai guda a ba yaro ya cinye shi kaɗai. Ƙarfen da ke ƙara jini na cikin wake da ganye jiki bai ɗaukarshi da sauƙi kamar na nama, a haɗa da tumatir ɗanye ko a matsa lemun tsami, kuma a daina kora abinci da shayi nan take don yana tare shi. Mai ciki ta riƙa zuwa awo tana shan maganin ƙarin jininta. Ganda kuma ku ci don daɗi, kar ku lissafa ta a matsayin nama.

Ɗan Filin Samji:
Ba wanda ya ambaci fara? Lokacin sanyi a soya ta da yaji, ko a daka a sa cikin kwaɗon rama. Da damina kuma ƙwan zabi na sauka, Fulani na kawowa har ƙofar gida.

Maman Ummi, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Goggo yau zan yi dakan nan insha Allah. Abu guda ya rage, baƙi fa? Dangin Abban Ummi ba sa sanarwa, sai dai ki ji sallama, kuma ka kai ma baƙo tuwo ba ko tsoka ɗaya gobe ka ji labarinka a ƙauye.

Goggo, Daura:
Ranar da kika sayi naman ki ware yanka biyar ko shida ki soya su ƙarau da gishiri, ki nutsa su cikin man da kika soya a ƙaramar roba, ki ɓoye inda yara ba su sani ba, kamar yadda muke ma naman layya. In baƙo ya zo ki jefa biyu a miyarshi su yi laushi. Kar ki gaya ma maigidan inda kika ajiye.

Malamin firamare, Ƙofar Ƙaura:
Malam mahauci, maganar watandar nan, mu shida ne a makarantarmu muke so, in an samu wasu huɗu ƙarshen wata sai mu yi. Kai za ka zaɓo mana san?

Mahauci, bakin abbatuwa:
Zan raka ku amma kuɗin ku riƙe a hannunku, mutum biyu cikinku su biyo ni kasuwa a yi ciniki gabansu. Kuma tun kafin a kayar da san ku gama magana kan kai da ƙafa da fata da kayan ciki, ko a sayar a rage kuɗin ko a kasa ma kowa, don nan ne ake ɓatawa. Ku zo da bokitai da wuri, kafin rana ta yi zafi mun gama.