Farin da ya rufe harshen Baba

Maman Ummi: Assalamu alaikum, raina a ɓace yake. Baba yana da ciwon suga, kwanan nan kuma wani farin abu kamar kindirmo ya rufe masa harshe har maƙogwaro, ko koko ba ya haɗiyewa sai da azaba, amma da muka je asibiti likita ya ce a haɗa da gwajin ƙanjamau. Dattijo mai shekara 70, a kan ɗan sanyin baki?

Nas Halima: Yaya, Allah ya ba Baba lafiya, amma ki daina cewa sanyi. Fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna Candida, wanda yake zaune a bakin mai lafiya ma ba tare da ya cutar da shi ba, sai garkuwar jiki ta yi rauni yake yaɗuwa. Idan ya gangara hanyar abinci, wajibi ne likita ya nemi abin da ya karya garkuwar.

Baban Sadiq: Malama, da sanyi muka san shi tun kakanninmu, kuma a kemis ɗina wanda ya ce sanyi na fahimce shi nan take.

Nas Halima: Wannan kalmar ce take sa ana ba mutum maganin ƙwayoyin bakteriya, alhali shi ne yake ƙara wa fangas ƙarfi. A Indiya a 2021, lokacin korona, wani fangas da ba a cika gani ba, mucormycosis, ya kama mutum fiye da 40,000, yawancinsu masu suga da aka ba sitiroyid, maganin rage kumburi mai raunana garkuwar jiki, yana cin hanci da ganɗa har ya kai ido. Shi ma sanyi za ka ce?

Baban Sadiq: Kina nufin mu masu kemis ne muke kashe mutane?

Malam Auwalu: Ai ku ne kuke sayar wa 'yan mata dexamethasone, wanda shi ma sitiroyid ne, don su yi ƙiba, ba tare da takardar likita ba.

Baban Sadiq: Ban taɓa yi ba, Malam, kuma ina neman ka janye maganar a gaban jama'a.

Maman Ummi: Har yanzu babu wanda ya ce mini ko mu yarda a yi gwajin.

Shugaban zaure: Na rufe muhawarar. Abin da na fahimta shi ne an ci mutuncin Baban Sadiq, mutumin da unguwa ta shaida amanarsa, kuma babu wanda ya kawo hujjar da za ta hana mu ce sanyi kamar yadda muka gada.