Neman shawara: ƙwallon Mario na 'yan katun, akwai shi a PS4 ko babu?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, fatan an yini lafiya. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gem. Ina da ɗan shago nan Agege, cajin waya nake yi sai na ƙara na'urar gem ta PS4 (PlayStation 4) guda biyu da benci, samari na zuwa buga ƙwallo. To matsalar ƙananan yaran nan ne 'yan shekara bakwai zuwa goma da suke leƙowa Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya, yaro zai tara kuɗin tararsa na sati ya biya wasa ɗaya, wani ƙato ya zauna ya zura masa bakwai da nema, yaron ya ajiye hannun gem ɗin yana share hawaye da wuyan riga ya fita, shikenan ba ka ƙara ganinsa. Jiya ma wani sai da ya gantsara wa yayansa cizo wlh.

Satin da ya wuce na kai saƙo gidan wani ubangidana a Ikeja na tarar da yaransa su shida a falo suna buga wata ƙwallo ta 'yan katun, ga Mario ga wani ƙaton kunkuru mai ƙaya a baya ga wata gimbiya, ba alƙalin wasa ba komai, a bangaje mutum ya faɗa jikin waya mai shokin, a jefe shi da ɓawon ayaba, autansu da bai fi shekara biyar ba shi ma yana ci yana tsalle kan kujera. Na ce a raina ai ga maganin shagona nan. Na shiga kasuwa neman kaset ɗinsa na PS4, mutum uku suka ce babu, na huɗun ya ce in kawo na'urar zai zuba mun in ba shi wani abu. Ni dai idonsa bai kwanta mun ba. To akwai shi ko babu? In babu, in sayar da PS4 ɗaya in sayi irin tasu?

Injiniya na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka kai masa na'urarka. Mario na kamfanin Nintendo ne, kuma ba sa fitar da shi a PlayStation, su ukun farkon su suka faɗa maka gaskiya. Abin da ka gani sunansa Mario Strikers: Battle League, ya fito 2022 a na'urarsu Nintendo Switch, kunkurun Bowser ne gimbiyar kuma Peach. Biyar-biyar ake bugawa har da gola, kuma mutum takwas na iya bugawa a na'ura ɗaya in akwai hannuwa. Shi mai cewa zai zuba maka iyakarsa ya fasa tsarin na'urar ya loda maka tsofaffin gem na zamanin da, wanda ka gani a Ikeja dai ba zai hau ba, ƙarshenta ka rasa tsuntsu ka rasa tarko.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ni Switch ɗin ce a gidana, babansu ya kawo musu. Amma in don ƙanana kake so gaskiya ba ƙwallon zan ce ka fara nema ba, tseren motar ya fi, Mario Kart 8 Deluxe, tun 2017 yake amma har yau shi suke kwana su tashi da shi. Mutum huɗu ne a tibi ɗaya, fuskar ta rabu gida huɗu. Akwai wani saiti da ake kunna wa yaro motar ta riƙa ba kanta wuta kuma ba za ta faɗa rami ba, shi dai ya riƙa juya hannu kawai. Sannan an tsara shi ne yadda wanda yake baya shi ke samun kayan faɗa masu ƙarfi, na gaba kuwa sai ɓawon ayaba da 'yan sulalla. Akwai wani shuɗin ƙoƙon kunkuru da na ɗaya yake nema, Hassana ta taɓa sakar wa babanta shi yana dab da layin ƙarshe, bawan Allah ya tashi ya ce wai shi dama barci yake ji 😂 Wani abun kuma Switch ɗin tana da batir, in an ɗauke wuta ka zare ta daga mazauninta wasan ya ci gaba a ƙaramin allonta ba sai an ja janareta ba.

Na Mile 12:
Hajiya duk na ji, amma ke ta gida kike magana shi kuma shago ne. Ƙanina kar ka kuskura ka sayar da PS4 ɗin nan, ƙwallo ita ke biyan kuɗin haya da na mai, samarin da ke zama daga la'asar har goman dare su ne kasuwarka ba 'yan kuɗin tara ba. Kuma hannuwan Switch 'yan mitsi-mitsi ne, ka ba yaran unguwa masu cin awara da manja a hannu ka ga kwana nawa za su yi. A PS4 ɗinka ma ai akwai irin waɗannan, nemi Crash Team Racing Nitro-Fueled na 2019, shi ma tseren 'yan katun ne da jefe-jefe kuma mutum huɗu a tibi ɗaya. Asalinsa na PS1 ne tun 1999, mu da muka taso Fagge shi muka buga kamar hauka, har duka na sha a kansa saboda an aike ni niƙa na zauna da roban masarar a gidan gem har magariba. Hannu biyu kawai za ka ƙara tunda PS4 na ɗaukar huɗu.

Injiniya na Idi-Araba:
Crash ɗin yana da kyau amma fa a faɗa masa, ya fi Mario Kart wuya nesa ba kusa ba. Sai ka iya zamiya a kwana kana danna wuta daidai lokacinta har sau uku, wanda ya ƙware zai tsere wa yaro ko ƙurarsa ba zai gani ba, ka ga an koma gidan jiya. Ni a ganina Team Sonic Racing ya fi dacewa da matsalarsa, shi ma 2019 ya fito kuma yana PS4. Uku-uku ake yin ƙungiya, makin duka ake haɗawa a ƙarshe, kuma kana iya miƙa wa ɗan ƙungiyarka abin da ka tsinta. To ka haɗa babba da ƙarami ƙungiya ɗaya, dole babban ya riƙa lallaɓa ƙanin nasa don in ya zo na ƙarshe tare za su faɗi.

Ɗan Sakkwato:
Hhhh wai ƙwallon Mario ne zai hana faɗa? Gem ɗin da ba fawul ba jan kati, kuma akwai shot ɗin da in ya shiga ci biyu ake rubutawa. Wlh cizon da za a yi a shagon nan sai an kira mai unguwa.

Maman 'Yan Biyu:
Kai dai ba ka rabo da tsiya 😂 Amma Malam in har wata rana ka tashi sayen Switch ɗin, musamman ta hannu, ka kula kar a haɗa ka da wadda ake kira Lite, ita ba ta haɗuwa da tibi sam. Kuma ka gwada sandunan hannun a gaban mai shi, ka sake su ka gani ko abu na tafiya da kansa.

Baba Alhaji Obalende:
Yaro Allah ya yi wa nema albarka. Ni ban san Mario ba ban san kunkuru ba, abu biyu zan ce. In an kira sallah a kashe tibi a kora su masallaci, sannan kar ka bari a sa kuɗi a kan wasa ko na naira goma ne, daga nan caca ke farawa. 'Ya'yan mutane amana ne a hannunka.

Ɗan Agege:
Amin Baba, in sha Allahu, dama ina kashewa lokacin sallah, na cacar ne zan ƙara sa ido don na taɓa kama wasu suna yi da kuɗin fiya wata. Na gode muku duka wlh, saura kaɗan gobe in ɗauki na'urar in kai wa mutumin nan. Na fasa sayarwa. Zan nemi Sonic ɗin da hannu biyu, in ware PS4 ɗaya ta zama ta yara Alhamis da Juma'a daga safe zuwa azahar, Crash kuma sai in kasuwa ta yi kyau. Injiniya kaset na hannu zai yi ko sai sabo?

Injiniya na Idi-Araba:
Na hannu ya isa, ka dai juya bayansa ka duba ba karce, kuma a sa maka shi ya buɗe har ka yi tsere ɗaya kafin ka miƙa kuɗi. Asabar ina Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, da safe, in za ka shigo ka taɓa ni mu duba tare.