Troponin ɗina ya tashi daga 9 zuwa 10, amma likita ya ce zuciyata lau

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum. Ɗan kasuwar shinkafa ne ni, shekarata 46. Ranar Litinin muna lodin buhuna sai ƙirjina ya ɗau zafi, yara suka kai ni asibiti a Birnin Kebbi. An yi mini ECG, wato awon bugun zuciya, an ɗebi jini, awon troponin da ake duba lafiyar zuciya da shi ya nuna 9. Bayan awa uku aka sake ɗiba, ya nuna 10. Likita ya ce ƙwannafi ne, ya sallame ni. Sai dai hankalina bai kwanta ba, don bara da aka auna maiɗakina 4 ta samu. In zuciyar lafiya take, me ya kai abin nan cikin jinina, kuma me ya sa ya ƙaru?

Ma'aikaciyar Lab, Jega: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Troponin furotin ne da ke cikin tsokar zuciya, yana kwarara cikin jini sosai idan jijiya ta toshe tsokar ta fara lalacewa. Amma injinan yanzu na iya gano ɗan kaɗan ɗin da ke jinin mai lafiya ma. In irin da ake kira troponin T aka auna maka, iyakar da aka fi amfani da ita nanogiram 14 ce a lita, kai kana ƙasa da ita.

Tazarar 9 da 10 ba komai ba ce. Jini guda in na raba shi kwalba biyu, zan iya samun wannan bambancin. Jikin ma ba ya tsayawa kan lamba ɗaya, troponin T yakan fi yawa da safe ya ragu zuwa yamma. Abin da likita ke nema a ɗiba ta biyu shi ne tsalle babba. Kuma don Allah daina gwada naka da na Hajiya. Maza sun fi mata, tsofaffi sun fi matasa, kowa da inda nasa ke zama. Naka na baya shi ne ma'auninka, shi ma in irin awon ɗaya ne.

Baban Khalifa: Dakon buhunan ma ba zai rasa hannu ba. Masu gudun famfalaki akan ga nasu ya hau bayan tsere, kwana ɗaya zuwa uku ya sauka. Masu ciwon ƙoda kuwa nasu a sama yake zama.

Nas daga Yauri: Ban da troponin, akwai wani awon jini da ake kira IMA, da Amurka ta amince da shi a 2003, wanda ke tashi tun jini na fara yi wa zuciya ƙaranci. Bai karɓu sosai ba, don ciwon hanta da shanyewar ɓarin jiki duk suna ɗaga shi. Ni dai Alhaji, in zafin ya dawo da zufa, ko ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ka koma asibiti nan take, kar ka tsaya duba tsohuwar takarda.

Ɗan Argungu: Na gode ƙwarai. Na duba takardar, T ɗin ne. Lodi kuma na bar wa yara.